Kitson Hefsi

Namiji ɗaya ne a layin. Mata sun kai saba'in a filin wata firamare da ke bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan, kowace da katin tallafin gwamnati a hannu. Shi kuma yana tsakiyarsu da yarinya a goye. A kan cikinsa ya ɗaure zanen maimakon ƙirji, yarinyar ta zame har kusan ƙugunsa.

Bernice Azariya ce a teburin tantancewa. Aikinta ta dubi hoton da ke kati, ta dubi fuskar mai katin, ta sa hannu. Da layi ya zo kansa ta karɓi katin, ta ga hoton wata mace mai wushirya, ta ɗaga kai.

"Kai ne Afiniki?"

Matan da ke baya suka yi dariya. Shi bai yi ba.

"Matata ce. Ta rasu a watan Fabrairu."

Dariyar ta tsaya. Bernice ta ajiye biro.

"Sannu, Malam. Ubangiji ya ta'azantar da ku. Me ya sa ba ka sanar da ofis ba?"

"An ce min idan na faɗa za a cire gidanmu daga rajista. Wasu sun ce in samo mace mai kama da ita ta zo ta karɓa. Ban iya ba."

"Ba zan iya biyan ka yau ba."

"Na yi zaton haka. Me zan kawo?"

Bai roƙe ta ba, bai kuma ɗaga murya ba. Wannan ne ya sa ta sake dubansa. Ta yi masa bayani: takardar rasuwa daga asibiti, da takardar mai unguwa wadda dangin uba da dangin uwa za su sa wa hannu, a ce ga wanda yarinya ke hannunsa. Sunan wannan mutumin ake sawa a kati.

Ya ba ta lambar wayarsa ta rubuta a fom. Sunansa Zamani Luke. Da ya juya zai tafi ta ce, "Tsaya. Za ka yar da 'yar mutane." Ta zagayo teburin ta ɗaga yarinyar, ta nuna masa inda ake ɗaure zanen a ƙarƙashin hammata.

"Yaya sunanta?"

"Hephzibah. Hefsi muke ce mata."

Zamani manomin citta ne. A daminar da cittar ƙasar ta ruɓe a cikin ƙasa, tasa ma ta ruɓe, har da irin da zai shuka a shekara mai zuwa. Bayan haka aka sa gidansa a rajistar tallafi da sunan Afiniki, don sunan mace ake sawa. Sai zazzaɓi na kwana shida ya ɗauke ta. Iyayensa sun daɗe da rasuwa. Ya rage daga shi sai yarinya 'yar shekara uku, wadda ba ya iya bari ya tafi ƙwadago nesa. Tallafin ne madararta, shi ne maganinta, shi ne kuma makarantar rainon da yake ajiye ta da safe.

Bayan kwana huɗu saƙo ya shigo wayarsa.

"Malam Zamani, Bernice ce daga ofishin tallafi. Ka samu takardar asibitin?"

"Na samu, Madam. Saura ta mai unguwa. Goyon ya daina zamewa, na gode."

"Madalla. Zan zo duba gida ranar Laraba, doka ce. Kada ka yi wata shara ta musamman."

"Shara kullum nake yi, Madam. Kujera ce ba mu da ita mai ƙafa huɗu."

Ta zo ranar Laraba, ɗaki ɗaya ne a unguwar Katsit. Ta same shi a share, kayan yarinya a wanke a ninke, tukunyar faten acca a kan murhu. Abu ɗaya ne bai yi mata ba. Rana na dukan kwano, amma Hefsi na sanye da hular ulu. Bernice ta cire hular. Gashin ya cukurkuɗe ya dunƙule.

"Tun yaushe?"

"Kitson ƙarshe uwarta ce ta yi mata. Na bar shi har ya warware da kansa. Idan na kai ta wurin masu kitso, kuka take yi har ta yi amai."

Bernice ta ajiye fom a kan tabarma, ta ce ya kawo ruwan ɗumi da man kaɗe. Awa biyu ta yi tana tajewa a hankali tana ba yarinyar labarin wata akuya mai satar tumatir. Ta yi mata shuku mai kyau. Zamani na gefe yana riƙe da kwalbar mai kamar wanda aka ba shi babban aiki.

Washegari ta miƙa fayil ɗinsa ga abokin aikinta Samson.

"Me ya faru?" in ji Samson.

"Zan sake zuwa gidan, kuma ba don aiki ba."

Ta sake zuwa sau uku. Suka riƙa zama a kan tsohon dogon jirgi da yamma, Hefsi na tsintar duwatsu a tsakaninsu. Shi yana ce mata Madam Biro, ita tana ce masa Baban Hefsi.

"Madam Biro, kin ci abinci, ko fom kika ci?"

"Fom da miyar kuka. Baban Hefsi, ka ba ta maganin tarin?"

"Na ba ta. Ta ce anti ta fi ni iya labarin akuya."

"Gaskiya ta faɗa."

Ranar wata Lahadi bayan sujada Mama Asibi, uwar Afiniki, ta sauka daga acaɓa. Daga ƙauyen Nok ta taho da acca da manja. Ta rungumi jikarta, sai hannunta ya tsaya a kan yarinyar. Ta bi tsagar kitson da yatsa daga goshi har ƙeya.

"Hannun wace ce wannan?"

"Wata ma'aikaciyar ofishin tallafi ce, Mama. Taimako ta yi."

"Ma'aikaciya ba ta yin irin wannan. Wannan an zauna an yi shi ne da natsuwa." Ta zauna a bakin gado. "Ko wata shida 'yata ba ta yi a ƙasa ba, wata mace ta sa hannu a kan 'yarta."

Zamani ya kawo mata takardar mai unguwa, ta ture ta.

"A wurinmu, 'yar da uwarta ta mutu kakarta ke riƙe ta har ta yi wayo. Ka sani. Na bar maka ita don ka durƙusa ka roƙe ni. Amma in dai sai mace ta taɓa kanta, ga hannuna da rai. A rubuta sunana a katin, in tafi da ita Nok."

Aka kai magana gaban mai unguwa. Ya sa ranar zama, Asabar ta farkon watan Satumba, saura sati shida.

Maƙwabta suka ba Zamani shawara iri ɗaya. Ya auri 'yar ofis ɗin da wuri. Gida ya samu mace, kati ya samu sunan mace, tsohuwa ta rasa abin cewa. Ya saurare su duka. Da yamma ya rubuta saƙo, ya goge, ya sake rubutawa.

"Bernice, don Allah kada ki ƙara zuwa gidan, kada kuma ki ƙara taɓa kan Hefsi. Zan yi miki bayani idan lokaci ya yi."

Amsarta kalma ɗaya ce.

"To."

A gidansu Bernice ma maganar ta riga ta isa. Mahaifinta Baba Azariya tsohon ma'aikacin reluwe ne, dattijo a coci, kuma ba ya zagaye-zagaye.

"An ce kina zama a kan dogo da mutumin nan mai bin layin mata."

"Na daina, Baba."

"Gara. Ba mata yake nema ba. Mai raino yake nema, da sunan da zai sa a kati. Na kai ki makaranta har Jos ba don ki goya 'yar wata ba. Leonard zai zo ƙarshen wata."

Leonard ɗan abokinsa ne, yana aikin gwamnati a Abuja. Ba shi da laifi. Yana da mota da ladabi, yana kuma kawo wa Baba maganin ciwon gwiwa. Bernice ta zauna da shi a falo ta saurari labarin filin da ya saya.

Wata Alhamis ta shiga kasuwa sayen kifi, ta bi ta layin masu kitso. A can ta hango Zamani zaune a kan benci a rumfar wata budurwa mai suna Jacinta. Jacinta ta kama yatsunsa tana dariya, sauran matan rumfar ma suna dariya. Bernice ba ta sayi kifin ba. Da ta koma gida ta ce wa mahaifinta Leonard zai iya sake zuwa.

Abin da ba ta hango ba shi ne abin da ke ɗaure a ƙafar bencin: zaren buhu da aka warware aka yi tufka uku. Kullum Zamani ya ajiye Hefsi a makaranta sai ya zo nan. Yana ɗebo wa matan ruwa, su kuma suna koya masa.

"Oga, yatsu ne waɗannan ko doya?" in ji Jacinta. "Ka ɗauko na dama, ka sa a ƙarƙashi. A ƙarƙashi na ce."

"Na sa."

"Ka sa a can garin Kagoro. Sake."

Sati biyu ya yi a kan zaren buhu. Sati ɗaya a kan wani tsohon gashin kanti da suka ɗaura a kan ƙwarya. Bayan haka ya fara gwadawa a kan Hefsi da yamma, layi ɗaya a rana, in ta yi kuka ya bari.

Ana gobe zama Samson ya ce wa Bernice, "Gobe za a yanke maganar yarinyar nan taki. Kakar na so ta tafi da ita ƙauye."

"Ba tawa ba ce."

"To, na dai faɗa miki."

Ta je. Ta tsaya a baya cikin matan unguwa. Da hantsi aka zauna a ƙofar gidan mai unguwa. Cikin dattawan da ya gayyato har da Baba Azariya, don ba a zama irin wannan a Katsit ba tare da shi ba. Mama Asibi ta zo da 'yan'uwanta maza biyu da jakar da za ta zuba kayan yarinya.

Hefsi ta shigo riƙe da hannun ubanta, kanta a buɗe, da kitso layi biyar. Mama Asibi ta jawo ta ta duba.

"Wace ce kuma ta yi wannan? Ita wannan ma ba ta iya ba."

"Ni ne, Mama."

Wani daga cikin dattawan ya yi dariya. Mama Asibi ba ta yi ba.

"Tsefe shi. Ka sake a gabana."

Aka kawo masa 'yar kujera. Ya zauna ya sa Hefsi a tsakanin gwiwoyinsa, ya fito da kibiya da mataji da kwalbar mai daga aljihu. Ya tsefe. Ya shafa mai. Ya tsaga, ya fara. Da farko mazan suka kau da kai suna hirar taki. Daga baya hirar ta mutu, kowa ya koma kallon yatsunsa. Sun yi kauri, ba su da sauri, sau biyu tufkar ta kuɓuce ya koma baya. Gumi ya jiƙa masa riga. A layi na uku kan Hefsi ya kwanta a cinyarsa, ta yi barci.

Ya fi awa guda. Da ya gama bai tashi ba, don kada ta farka.

"Mama," ya ce a hankali, "kin rasa 'ya, na sani. Ita ma ta rasa uwa. Kada ta rasa uba a shekara ɗaya."

Mama Asibi ta tashi ta sunkuya ta bi tsagar da yatsa.

"Ta karkace."

"I, Mama."

"Kuma kana jan na gaban goshi da yawa. Zai tsinke. Gashin uwarta ma haka yake, ba ya son ja." Ta warware bakin layi ɗaya ta sassauta shi, ta ɗan tsaya hannunta a kan yarinyar. Sannan ta miƙe ta ce wa mai unguwa, "Ina takardar?"

Ta dangwala yatsa. Ta ce duk hutun makaranta a kawo mata ita Nok, kuma in ta ga ƙwarƙwata ko ɗaya, a bakin takarda. Mai unguwa ya rubuta sunan Zamani.

Bernice ta jira shi a bakin hanya. Hefsi na goye tana barci.

"Da ka faɗa min."

"Da na faɗa miki da kin ce ke za ki koya min. Da an ce hannunki ne."

"Ita mai rumfar fa?"

"Jacinta? Malamata ce. Ta ce tun da take ba ta taɓa ganin daƙiƙin ɗalibi kamata ba."

"Sati shida, Zamani. Ka bar ni da saƙo ɗaya."

"Na yi laifi. Ki yi haƙuri."

"Ban huce ba tukuna."

"Zan jira."

Ya jira sati uku. Ranar da sabon katin ya fito da sunansa da hotonsa, ya sake bin layin matan ya karɓi tallafin. Ya sayi madara da takalmin makaranta, sannan ya tura saƙo.

"Madam Biro, kati ya samu suna. Yarinya ta samu mai kitso. Yanzu ba abin da nake nema a wurinki sai ke kanki. Ba ni da mota, ba ni da fili a Abuja. Ina son ki. In kin yarda in zo in gaida Baba."

Ta bar shi har la'asar kafin ta amsa.

"Baban Hefsi, ni ma ina son ka, kuma haushinka bai gama fita ba. Na ce wa Leonard ya yi haƙuri tun makon jiya. Ka zo Lahadi bayan coci. Ka goge takalminka, Baba na duban ƙafa."

Ranar Lahadi Baba Azariya ya bar shi a durƙushe na ɗan lokaci.

"Har yanzu kana bin layin?"

"Ina bi, Baba. Zan bi har gona ta tashi. Na shuka masara da wake, na kuma samu irin citta mai lafiya kaɗan. Ranar da ta isa ciyar da mu, da ƙafata zan je in ce a cire sunana."

"Ba ka jin kunya?"

"Na ji ranar farko. Da na ga abin da 'yata take ci daga nan yake fitowa, sai na daina."

Tsohon ya dubi 'yarsa da ke tsaye a bakin ƙofa, ya dubi hannayen Zamani.

"'Ya'ya mata uku na haifa. Ban taɓa sanin ta inda ake fara tsaga ba." Ya gyara zama. "Ba yanzu ba. Matarka ta cika shekara tukuna, a yi mata addu'a yadda ya kamata. Bayan Ista ka turo manyanka."

Haka aka yi. An ɗaura auren ranar wata Asabar a watan Afrilu, bayan ruwan farko. Ba a yi wani babban biki ba. Matan zumuntar coci suka yi waƙa suna buga tuluna, matan layin tallafi suka zo da anko ɗaya, Jacinta ta yi wa amarya kitso kyauta. Hefsi ta riƙe fure ta ƙi sakinsa har aka tashi.

Da la'asar aka rako amarya Katsit. A nan aka ɗan yi cirko-cirko. Uwar ango ce ke tarbar amarya a ƙofa da ruwan sha, Zamani kuma ba shi da uwa. Matan na tambayar juna wa za ta tsaya, sai labulen ɗakin ya ɗaga. Mama Asibi ta fito da ƙoƙon ruwa a hannu biyu. Ba wanda ya roƙe ta. Tun safe ta taho daga Nok, ba ta je coci ba, ta zauna ta share ɗakin.

Bernice ta durƙusa.

"A ɗakin nan 'yata ta zauna," in ji Mama Asibi. "Ban ce ki zama ita ba. Ki shiga da sunanki. Ubangiji ya ba ku daɗewa tare, wadda ita ba ta samu ba. Ya ba ku abinci daga gonarku. Ya raya muku wannan, ya ƙaro mata ƙanne."

Jama'a suka ce amin. Bernice ta sha ruwan.

"Na gode, Mama."

"Tashi, za ki ɓata farin kaya."

Mama Asibi ta ɗauki Hefsi ta saɓa a kafaɗa, mai acaɓa na jiran su a bakin hanya. Zamani ya biyo su har can.

"Koma wurin matarka," ta ce. "Sati ɗaya za ta yi min. Lahadi ta sama ka zo ka ɗauki 'yarka, kuma kada ka makara."